Daga rijiyar Kusugu zuwa layin banki: Me ke sa Daurawa su yarda da hukuma?

A cikin shekara guda, sau biyu jama'a suka yi dafifi a ƙofar gidan tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari da ke Daura.

Na farko shi ne ranar Alhamis, 1 ga Agustan 2024, ranar da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa a faɗin Najeriya. Ko da yake ya fi shekara da barin mulki, matasa sun taru a ƙofar gidansa, suka kunna wuta a kan titi suna kokawa da yunwa, kafin su zarce fadar Sarkin Daura da kokensu.

Na biyu kuwa ranar Talata ce, 15 ga Yulin 2025, lokacin da aka kawo gawarsa daga Landan, kwana biyu bayan rasuwarsa. Shugaba Bola Tinubu da manyan baƙi daga ciki da wajen ƙasar sun halarta, amma talakawa ne suka cika garin, wasu na kuka, wasu sun ɗare bishiyoyi da katangu don su hango makarar.

Wanda bai san Daura ba zai ce akwai tufka da warwara. Garin da ya yi wa mutum ihu a bara, ya kuma zubar masa da hawaye a bana?

Amma abubuwan biyu suna tafiya tare. Daurawa da dama sun yarda da Buhari a matsayinsa na mutum, har ya koma ga Mahaliccinsa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yarda da hukumomin da ya shugabanta: 'yan sanda da kwastam da Babban Banki da hukumar zaɓe da ƙaramar hukuma. Wannan tazara tsakanin yarda da mutum da yarda da hukuma ba a Daura kaɗai take ba, sai dai babu garin da ya fi nuna ta ƙarara.

Darasin da ke cikin rijiya

Duk yaron da ya tashi a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Maciji ya tare rijiyar, ba a ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Baƙo Bayajidda ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya karɓi guga ya tafi cikin dare, ya kashe macijin ya sare kansa.

Masana tarihi na kallon labarin a matsayin tarihin baka, kuma suna da saɓani a kan fassararsa. Sai dai akwai abubuwa biyu a cikinsa da suka shafi mulki kai-tsaye.

Na farko, abin da ya kai baƙon fada shi ne aikin da kowane gida ya ji amfaninsa a tukunyarsa. Ruwan da ake samu sau ɗaya a mako ya koma na kullum.

Na biyu, da gari ya waye Sarauniya Daurama ta yi alƙawarin lada mai tsoka ga wanda ya yi wannan aiki, mutane da yawa suka fito kowa na cewa shi ne. Ba a karɓi maganar baki ba, aka ce a kawo kan macijin. Wanda ya kawo shaida shi ya samu.

Rubutaccen tarihin garin ma bai kauce wa wannan ba. A wajajen 1805, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Isiyaku ya karɓe Daura, Sarkin Gwari Abdu ya fice daga birnin. Masu jihadi sun kafa hujjarsu da cewa sarakunan ƙasar Hausa sun zubar da amana. A littafinsa Kitabul Farƙ, Shehu ya lissafa laifuffukan da yake tuhumar su da su, ciki har da ɗora harajin da ba shi da tushe a shari'a, da ƙwace kayan mutane a kasuwa, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara.

Gidan sarautar da aka kora bai mutu ba. Ya kafa kansa a Zango da Baure, kuma kusan shekara ɗari jama'a da dama suka ci gaba da yi masa biyayya. Daga baya Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura, abin da ya sa Daura ta shiga cikin masarautu ƙalilan da tsohon gidan sarautar Hausawa ya koma kan karaga. Masanin nan M.G. Smith ya bi diddigin wannan tarihi a littafinsa The Affairs of Daura na 1978.

Ko mene ne lissafin Turawa a lokacin, sun fahimci cewa bindiga na iya cin gari, amma karɓar haraji kowace shekara sai da wanda mutane suka ɗauka nasu ne.

Iko ya tafi, amana ta zauna

A zamanin En'e, sarki ne gwamnati. 'Yan doka nasa ne, kotun alƙali da gidan yari a ƙarƙashinsa suke, haraji da jangali kuma ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni ake tara su.

Ba zamanin jin daɗi zalla ba ne. Zaluncin wasu jami'an En'e na cikin abin da ya haifar da jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, kuma dattawa da dama har yau suna tuna yadda ake tozarta wanda ya kasa biyan haraji.

Daga ƙarshen shekarun 1960 aka fara zare wa sarakuna iko. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da gidajen yari, ta narkar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Najeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna. A 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura ke cikinta a lokacin. Kundin tsarin mulkin 1999 kuwa bai ba sarakuna wani aiki ba ko kaɗan.

A takarda ke nan. A aikace, manomin Baure ko Sandamu da ya samu saɓani da maƙwabcinsa kan iyakar gona, ko shanu suka yi masa ɓarna, yawanci wurin mai unguwa yake fara zuwa. In abin ya gagara a je wurin dagaci, daga nan hakimi, daga nan fada. Haka rikicin aure da na gado da na bashi.

Dalilan a fili suke. Mai unguwa ya san mai ƙara, ya san ubansa, ya san inda iyakar gonar take tun kafin a haifi masu rigimar. Ba a cike fom, ba a jin Turanci, ba a ɗage zama sau goma. Uwa-uba, ba shi da inda za shi. Masallaci ɗaya yake sallah da mutanen, tare za su yi jana'iza gobe, kuma in ya yi son kai duk unguwa za ta ji kafin magariba.

Jami'in gwamnati kuma daga nesa ake turo shi, ga na sama da shi yake ba da bahasi, kuma kafin a gama saninsa an yi masa canjin wurin aiki. A ofisoshin 'yan sanda akan ga sanarwar cewa beli kyauta ne, amma talakawa ƙalilan ne ke shiga da wannan tabbaci a zuciyarsu.

Akwai kuma batun daɗewa. Daga 1911 zuwa yau sarakuna uku kacal Daura ta yi: Abdurrahman ɗan Musa har zuwa 1966, Muhammadu Bashar har zuwa 2007, sai Alhaji Umar Faruk Umar da ke kan karaga tun daga lokacin. Jihar Katsina da aka ƙirƙiro a 1987 ta yi gwamnoni fiye da goma, na soja da na farar hula.

Ita kanta gwamnati ta san inda amanar take. A 2003 aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a wasu jihohin Arewa, musamman Kano, saboda zargin cewa an gurɓata maganin. Zargin ya samu gindin zama ne a zukatan mutanen da ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Sanarwar ma'aikatar lafiya ba ta wadatar ba. Sai da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a 2009, bisa jagorancin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata gida-gida, sannan ƙofofi suka ƙara buɗewa. A watan Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Gwamnati ce ta kawo maganin da kuɗin, amma aron amana ta yi daga fada.

Shekara takwas da ɗan gida a fadar shugaban ƙasa

Zaɓen 2015 ya zo da wani irin fata da ba a saba gani ba. Buhari ya samu ƙuri'a sama da miliyan 15, shugaba mai ci Goodluck Jonathan ya kira shi ya taya shi murna tun kafin a gama bayyana sakamako, kuma a karon farko ɗan adawa ya kayar da shugaban ƙasa a Najeriya. Talakawan Arewa sun kira shi Mai Gaskiya. Wasu sun sayi katin waya don tara masa kuɗin yaƙin neman zaɓe, wasu sun kwana a rumfunan zaɓe suna gadin ƙuri'a.

Daura ta ga ayyuka. An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya. An buɗe asibitin rundunar sojin sama a 2019. A watan Disambar wannan shekara aka aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na China ya ɗauki nauyin ginawa a kan dala miliyan 50. An girke bataliyar sojoji. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda zai ratsa ta Daura, a kan kuɗi kusan dala biliyan biyu.

Babu mai raina waɗannan ayyuka. Ɗalibai sun samu gurabe, 'yan kasuwa sun samu ciniki, filaye sun yi daraja. Sai dai kowa a garin ya san dalilin zuwansu: ɗan gida ne ke kan mulki. Abin da mutum ya samu saboda ɗan'uwansa na kan kujera godiya yake haifarwa ga ɗan'uwan. Ba ya koya masa cewa hukuma za ta yi masa adalci ko da babu nasa a ciki. Hasali ma yana ƙara tabbatar masa da abin da ya daɗe yana zargi, cewa a Najeriya sai kana da wani.

Buhari ya sauka daga mulki, ya kuma rasu, jirgin Maraɗi bai fara ɗaukar fasinja ba.

Ranar da aka ɗauke Magajin Gari

Masarautar Daura, mai ƙananan hukumomi biyar, wato Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, ba ta fuskanci irin bala'in 'yan bindiga da ya addabi yankunan Jibiya da Batsari da Safana da Faskari ba. Wannan ne ya sa abin da ya faru ranar 1 ga Mayun 2019 ya girgiza kowa.

Bayan sallar magariba, 'yan bindiga suka zo da mota har ƙofar gidan Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, suka yi harbi sama, suka yi awon gaba da shi. Babban basarake ne, tsohon jami'in kwastam, kuma surukin babban dogarin shugaban ƙasa. Sai bayan wata biyu jami'an tsaro suka ceto shi a Kano, ranar 2 ga Yuli.

Ceton ya nuna abin da jami'an tsaro za su iya yi in sun tashi tsaye. Amma tambayar da ta rage a bakin talaka ita ce: in an iya ɗauke Magajin Gari a tsakiyar mahaifar shugaban ƙasa, wa ya tsira? In kuma an ɗauke wanda ba shi da kowa, wa zai bi sawunsa wata biyu?

Ranar 11 ga Disambar 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da Buhari ke hutu a Daura. An sako su bayan kwana shida. A watan Yulin 2022 kuma aka kai hari kan ayarin motocin fadar shugaban ƙasa da ke kan hanyar zuwa Daura gabanin Babbar Sallah, a kusa da Dutsin-Ma.

Tsare rai da dukiya shi ne alƙawari na farko tsakanin hukuma da jama'a. Inda aka kasa cika shi, mutane kan nemi wata mafita: 'yan sa-kai, ko tara kuɗin fansa, ko sulhu da maharan. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, mai matasa kusan 1,500 da aka ɗauko daga yankunansu, amincewa ce da cewa mutane sun fi sakin jiki da wanda suka sani.

Iyaka da takardar naira

Iyakar da Turawan Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ta raba tsohuwar ƙasar Daura, wani yanki ya faɗa Jamhuriyar Nijar. Har yau auratayya da cinikayya ba su san da wannan layi ba. Kasuwar Mai'aduwa na cika da dabbobi da hatsi daga ɓangarorin biyu, kuma mashigar Kwangwalam hanyar abinci ce ga dubban gidaje.

A watan Agustan 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, da nufin daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Nuwamba aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Da aka buɗe mashigai huɗu a Disambar 2020, wato Seme da Illela da Maigatari da Mfum, Kwangwalam ba ta ciki. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa bisa takunkumin ECOWAS, har zuwa Maris ɗin 2024.

Manufar na da masu goyon baya, musamman manoman shinkafa. Amma a garuruwan bakin iyaka ƙorafin da aka fi ji shi ne dokar ba ta hau kan kowa daidai ba. Mai ɗan buhu a kan babur shi ake tarewa a shinge, mai hanya kuma kayansa na wucewa. Dokar da ake iya saye da na goro ba ta hana laifi, sai dai ta sa masa farashi, ta kuma zubar da mutuncin mai kaki.

Sai batun sauya fasalin naira, wanda Daura ta shiga tarihinsa kai-tsaye. Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022 cewa za a daina karɓar tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 daga 31 ga Janairun 2023. Ranar Lahadi, 29 ga Janairu, gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya zo Daura ya gana da Buhari, ya fito ya sanar da ƙarin kwana goma.

Kwana goman ba su yi maganin komai ba. Mutane sun kai tsofaffin kuɗinsu banki, sababbin kuma babu. Aka riƙa sammako ana bin layi a ƙofar bankuna, masu POS na sayar da naira da naira, mai kaza ko akuya a kasuwar ƙauye na karya farashi ga duk wanda ya zo da tsabar kuɗi a hannu.

Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukkansu 'yan jam'iyya mai mulki a lokacin, suka garzaya Kotun Ƙoli, daga baya wasu jihohi har da Katsina suka bi sahu. Ranar 8 ga Fabrairu kotun ta ba da umarnin wucin-gadi na dakatar da wa'adin. Ranar 16 ga wata shugaban ƙasa ya yi jawabi cewa tsohuwar 200 kaɗai za a ci gaba da karɓa. Ranar 3 ga Maris kotun ta yanke hukuncin cewa duka takardun na nan daram, amma sai bayan kwana goma Babban Banki ya fito ya ce ya bi.

A tsawon waɗannan makonni, mai shayi da mai kayan miya ba su san maganar wa za su bi ba: ta kotu, ko ta shugaban ƙasa, ko ta gwamna, ko ta banki. Takardar kuɗi ba komai ba ce illa alƙawarin hukuma. Ranar da mai sayarwa ya juya ta a hannu yana shakkar karɓa, ba darajar naira kaɗai ta taɓu ba.

Abin da akwatin zaɓe ke faɗa

Alƙaluman hukumar zaɓe ta INEC na nuna yadda gwiwar jama'a ke sanyi. A zaɓen shugaban ƙasa na 2015, kusan kashi 44 cikin 100 na masu rajista ne suka fita. A 2019 suka koma kusan kashi 35. A 2023, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kusan kashi 27 ne kawai suka kaɗa ƙuri'a, adadi mafi ƙaranci tun komawa mulkin farar hula a 1999.

A wannan zaɓe jam'iyyar APC ta rasa Jihar Katsina a matakin shugaban ƙasa, inda Atiku Abubakar na PDP ya zarce Tinubu da ƙuri'a ƙasa da dubu bakwai. Farin jinin Buhari bai zama gadon da jam'iyyarsa za ta ci ba tare da wahala ba.

Ƙaramar hukuma ce ya kamata ta fi kusa da talaka, amma nan ne shakku ya fi yawa. A zaɓen Fabrairun 2025, APC ta lashe kujerun shugabannin ƙananan hukumomi 34 na Jihar Katsina baki ɗaya. Ba Katsina kaɗai ba ce: a kusan kowace jiha, jam'iyyar gwamna ce ke cinye irin wannan zaɓe, ko wace jam'iyya ce. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, amma aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Shugaban ƙaramar hukumar da ya san cewa kujerarsa daga gidan gwamnati ta fito, can zai riƙa kallo. Mutanen mazaɓarsa su ma sun san haka.

Fada ma ba ta tsira ba

Kuskure ne a ɗauka cewa amanar da sarakuna ke da ita ba ta ƙarewa. Gwamna ne ke ba sarki sanda, shi ke iya karɓewa. A Kano an tuɓe Muhammadu Sanusi II a Maris ɗin 2020, aka dawo da shi a Mayun 2024, lamarin da ya bar birnin da mutum biyu kowa na amsa sunan sarki, ana ta fafatawa a kotu. A masarautar Katsina an tuɓe hakimai bisa zargin alaƙa da 'yan bindiga.

A Daura, yawan naɗe-naɗen sarauta ga 'yan siyasa da na kusa da mulki ya sha jawo muhawara. An naɗa Yusuf, ɗan Buhari, Talban Daura a Disambar 2021, sannan aka naɗa ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, Ɗan Amanar Daura a Fabrairun 2022. Masu goyon baya na cewa yaba kyauta tukwici ne, kuma karrama wanda ya kawo wa gari aiki al'ada ce. Masu suka na ganin rawani na rage nauyi in ya zama ana hango shi a kan duk wanda ke riƙe da muƙami.

Sulhun gargajiya ma na da nasa rauni. Ba a rubuta shi, ba a ɗaukaka ƙara yadda ake yi a kotu, kuma sau da yawa mai rauni, kamar bazawara ko maraya a rikicin gado, shi ake ba haƙuri don a zauna lafiya. Mai unguwa ba zai iya gina asibiti ba, ba zai iya tunkarar mai AK-47 ba. Komawa zamanin En'e ba mafita ba ce.

Me ke gina yarda?

Binciken jin ra'ayin jama'a da cibiyar Afrobarometer ke gudanarwa ya sha nuna cewa 'yan Najeriya sun fi amincewa da malaman addini da sarakuna a kan 'yan sanda da 'yan majalisa.

Tun a 1975 masanin siyasa Farfesa Peter Ekeh ya yi bayanin tushen matsalar. A ganinsa mulkin mallaka ya bar ɗan Afirka da jama'a iri biyu: ta gida, wadda yake jin nauyinta a wuyansa, da ta gwamnati, wadda yake kallo a matsayin wurin ɗiba. Shi ya sa mutumin da ba zai taɓa sisin kwabo daga asusun masallacin unguwarsu ba zai iya cin kuɗin kwangila ya kwana lafiya, har a yi masa kirari.

A Amurka kuma, binciken da masani Tom Tyler ya wallafa a 1990 ya gano cewa abin da ya fi sa mutane bin doka shi ne jin cewa an saurare su, an mutunta su, an kuma yi musu hukunci ba tare da son kai ba, fiye da tsoron kamu. Mutum na iya faɗuwa a shari'a ya tafi gida da natsuwa in ya gamsu da yadda aka yi ta.

In aka auna da abin da Daura ta gani, halascin hukuma a idon talaka ya rataya ne a kan abubuwan da yake iya gwadawa da kansa. Zai iya isa wurinta ba tare da ɗan rakiya ba? Abin da ta faɗa jiya shi ne abin da take yi yau? Dokar da ta hau kansa ta hau kan mai kuɗi? In ta yi kuskure akwai wanda zai amsa? In kotu ta yi magana, ita ma tana bi?

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar dala biliyan biyu. Ƙaramar hukuma na iya liƙa abin da ta samu da abin da ta kashe kowane wata a allon sakatariya, da Hausa. Ofishin 'yan sanda na iya sallamar wanda ya cancanci beli ba tare da ya sa hannu a aljihu ba. Hukumar zaɓe na iya tabbatar da cewa sakamakon da aka ƙirga a gaban jama'a a rumfa shi ne wanda aka bayyana a sama.

Zaɓen 2027 shi ne babban zaɓe na farko da za a yi babu Buhari a raye tun bayan shigarsa siyasa. Shekara da shekaru 'yan takara a Arewa suna fakewa da hotonsa a fastocinsu, ana ɗaga musu hannu da sunansa. Wannan inuwa ta gushe, kuma babu tabbacin za a sake samun mutum ɗaya da miliyoyin talakawa za su ba irin wannan amana ido rufe.

Rijiyar Kusugu na nan a tsakiyar gari, an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa su zura guga su ɗanɗani ruwanta. Nan gaba kaɗan masu neman ƙuri'a za su fara sintiri a Daura, su kai gaisuwa fada, su ziyarci kabarin Buhari, kowa na cewa shi ne ya yi aiki. Tarihin garin ya riga ya tanadi abin da ake ce wa mai irin wannan iƙirari: a kawo kan macijin a gani.